Raɗin Suna a Gindin Darbejiya

Ni mutum ne da ba na iya zama. Mahaifiyata takan ce tun ina goye nake shure-shure, kuma har na yi gemu ban daina ba. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, ni kuwa na riƙe maganar nan kamar don ni aka yi ta. Na yi aiki a kamfanin alewa a Bompai, zaƙi ya gundure ni, na tafi. Na koma kamfanin fata a Challawa, inda wari ke bin mutum har cikin ɗan sahu, fasinjoji suna matsawa suna toshe hanci. Can ma na yi cacar baki da helma, wato mai kula da ma'aikatan sashenmu, na ajiye musu aikinsu. Daga nan na faɗo wani kamfanin saƙa buhu a Sharaɗa, da niyyar in ga ƙarshen damina in ƙara gaba. Damina ta wuce, wata ta zo, ina nan. Ba albashi ne ya riƙe ni ba, don albashin bai kai ya riƙe akuya ba. Wani dattijo ne, da wasan da yake yi da kalmomin Turanci.

Sai na fara faɗin yadda ɗakin saƙar yake. Injinan zagayayyu ne, ƙoshiyoyi suna tsere a cikinsu suna jan zaren roba, buhu yana fitowa ta sama ba ƙaƙƙautawa. Ƙarar kuwa ba ta misaltuwa. Ranar farko na tambayi na kusa da ni inda ake alwala, ni kaina ban ji muryata ba. Ya dube ni, ya motsa leɓe a hankali ba tare da sauti ba, ya yi nuni da haɓa. Ashe a ɗakin nan ba a magana da murya. Leɓe ake karantawa, a haɗa da hannu da gira. In ka daɗe, kana iya zagin mutum daga wancan bangon ya gane sarai, ya rama maka har da ƙari.

Saboda haka duk maganar da ta taru a cikin mutane sai lokacin hutun azahar take fita. In an idar da salla, mukan taru a gindin wata darbejiya a bakin ƙofar kamfani, inda wata mata ke sayar da garau-garau da mai da yaji. Nan ne fadar dattijon. Mutumin Maraɗi ne, ya zo Kano tun yana saurayi, a gabansa aka sauke injinan farko daga mota. Kowa Baba yake ce masa, har manaja. Bai yi boko ba, amma Allah ya ba shi kunne da baki.

Al'adar wurin ita ce, duk sabon abin da ya shigo kamfani, inji ne ko doka, ba ma kiransa da sunan da ya zo da shi sai an kai shi gindin darbejiya an raɗa masa namu. Wanda ya kawo kalmar shi ke kawo goro. Baba zai rufe ido ya miƙo kunne, a raɗa masa ita kamar yadda uban jariri ke raɗa wa liman suna. Sai ya yi ta juya ta a baki tare da goron, yana taunawa, mu kuma mun yi tsit da cokula a hannu. Can sai ya buɗe ido ya faɗa. Injin iskan nan da injiniyoyi ke ce wa kwamfiresa, shi ya mai da shi kumburesa, wai ai kumbura yake yi kafin ya yi aiki, kamar sabon helma. Na'urar dangwala yatsa da aka kafa don kama masu makara, da aka raɗa masa sunanta, wato tamfirin, sai ya ce tambarin manaja, don in ta buga kowa sai ya hallara. Motar ɗaga kaya mai ƙaho biyu, wadda ake ce wa fokilif, ta zama faka-lafiya, domin a makon da ta zo direbanta ya rushe kusurwar sito. Shi da bakinsa na Maraɗi hwaka-lahiya yake cewa, kuma hakan ya fi daɗi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda sunayen ke kamawa. Kafin a kwana biyu za ka ga ana motsa su a leɓe cikin ɗakin saƙa, kafin wata ya ƙare ka ji injiniya da digirinsa yana cewa a duba masa kumburesa.

Da yake na gama sakandare, ina iya karanta abin da ke jikin kwali, sai na zama mai kawo masa kaya. Wannan ne karo na farko da rashin zamana ya yi wa wani amfani. Daga Na'ibawa nake tasowa, idona a kan allunan hanya da bayan tireloli, ina farautar kalma. In babu sabon abu a kamfani, sai in kawo masa abin mamakin Turancin kansa. Na ce masa sunan wuƙa a Turanci da wani harafi yake farawa wanda ba a furta shi.

Ya ce, “To mi yake yi nan?”

Na ce, “Ba ya komai, Baba. Yana nan dai a gaba.”

Ya ce, “Ɗan'uwan manaja ne ke nan. Ga suna gaba, aiki babu.”

Wata rana na ce masa su da noti na ƙarfe da gyaɗa duk suna ɗaya suke ba su. Ya ce Allah ya kiyaye shi da miyar gidansu. Na ce masa hutu da karaya ma kalma ɗaya ce a wurinsu, kuma birki haka yake fita a baki. Ya jinjina kai ya ce mutanen da hutu da karaya duk ɗaya ne gare su, ai dole su ƙera injin da ba ya barci. Faransanci kuwa, da ya ɗan tsinta a gida, cewa yake Turanci ne mura ta kama. Nakan yi dariya har in ƙware da yaji. Sau da yawa na kwana da niyyar gobe in ajiye aiki, da safe in ci karo da wata kalma a bayan mota in ce bari dai in kai masa wannan tukuna.

Ni na fara lura da canjin, don ni ke raɗawa. An kawo wasu 'yan na'urori da ake liƙa wa inji, in zare ya tsinke su tsai da shi su kunna jar fitila. Sansa ake ce musu. Na zo da gorona ina murna, don na san kalma ce mai daɗin tauna. Na sunkuya na raɗa masa. Maimakon ya ci gaba da rufe ido, sai ya buɗe ya juyo yana kallon bakina.

Ya ce, “Mi ka ce?”

Na maimaita. Ya ce, “Mi take yi?” Na gaya masa. Sai ya ce, “Ɗan sa'ido.”

Aka yi dariya, suna ya yi, ya kuma kama. Amma ni ban yi ba. Sunayen Baba kullum akwai ƙamshin Turancin a jikinsu, kana jin inda ya lanƙwasa kalmar. Wannan kuwa babu ko burbushinta. Na gaba da aka kawo ma haka, sai da ya tambayi aikin abin. Ruwa ba ya tsami banza. Rannan muna tafiya masallaci ina bayansa, na yi masa sannu, bai juyo ba. Na ɗaga murya, shiru. Da na taɓa kafaɗarsa sai ya zabura.

Ban iya haƙuri ba, ban taɓa iyawa ba. Da aka tashi na tare shi a hanya yana tura kekensa, na tsaya a gabansa, na yi masa magana irin ta ɗakin saƙa, leɓe kawai. Na ce, “Baba, tun yaushe?”

Ya daɗe yana murza ƙararrawar keken da babban yatsa. Sannan ya ce, “Kunnen hagu ya tahi tun bara. Na dama shina bin sa. Gyare ne ke kuka cikin kaina dare da rana.” Ya kama hannuna ya ce, “Ɗana, kada ka hwaɗa ma kowa.”

Na san abin da yake tsoro. Dokar kamfani ce mai tsaron inji sai yana jin ƙahon gargaɗi. In aka gane ba ya ji, za a cire shi. Ga iyali a gidan haya a cikin Sharaɗa, ga 'yan mata a makaranta, gonar gado a Maraɗi kuwa 'yan'uwa sun daɗe da rabewa. Mutumin da ya tsufa a kan injin buhu, ina zai nufa? A cikin ɗakin saƙa ba mai iya gane shi, don a can dukkanmu kurame ne. A waje ne asirin zai tonu, a wurin da ake hira da murya.

Ban gaya wa kowa ba, kuma ba a buƙaci in faɗa ba. Ashe kowa ya ɗan gani, kowa yana jiran wani ya fara. Ba mu yi taro ba, ba mu yi shawara ba. Na fara zama daidai gabansa ina buɗe baki sosai in ina magana, na kusa da ni ya kwaikwaya, a hankali da'irar ta juya, duk fuskoki suka koma kallonsa. Da farko muna haɗawa da murya. To amma ƙarar kamfani da ta janareto tana isowa har gindin bishiyar, kuma baki ya riga ya saba, sai muryar ta yi ta raguwa har ta ɓace. Muka kwaso maganar ɗakin saƙa ɗungurungum muka fito da ita waje.

Mai garau-garau ce ta fara ƙorafi. Ta ce, “Wai ku lafiya? Mutane sun zauna suna ta motsa baki kamar awaki suna tuƙa.” Sai ta bi idanunmu, ta ga wanda muke kallo, ta ci gaba da zuba wake. Daga ranar in za ta tambaye shi ko a ƙara yaji, sai ta zagayo gabansa.

Watannin nan ban ji daɗinsu ba. Ina jin haushin injinan, ina jin haushin Baba da yake ta barkwanci kamar ba komai, ina jin haushin kaina da na kasa tafiya. Wani abokina yana ta kirana in zo mu sayar da kayan waya a Abuja, nakan ce masa mako mai zuwa. In na tafi wa zai karanta kwali, wa zai zauna a gaban Baba? A bakin aiki idona ɗaya a kan injina, ɗaya a kan nasa. Tsoro nake ji, tsoron kada a kama shi, da tsoron kada wani abu ya tsinke a bayansa bai ji ba. Na rasa wanda ya fi.

Ana cikin haka kamfani ya ɗauki jami'ar kula da lafiyar ma'aikata. Matashiya ce, ba ta da wasa, amma ba muguwa ba ce. Har rusunawa take in za ta gai da Baba. Ta zo da huluna da takalma da alluna masu rubutu a kowane lungu, kalmomi suka yi ta zubowa kamar an ɓare buhu. Kasuwarmu ta buɗe, kusan kullum da goro a gindin darbejiya.

Ranar da abin ya faru, an ɗauke wuta ana dab da hutu, janareto kuma ya ƙi tashi. Layin gaba ɗaya ya yi tsit, har kukan kurciya muna ji, abin da ban taɓa ji a Sharaɗa ba. Muka yi salla, muka zauna yadda muka saba. Na kawo wata kalma daga sabon allo, na motsa masa ita a leɓe, na kwatanta aikinta da hannu. Wani ya sa baki daga can, shi ma a leɓe. Baba ya tauna goro, ya mayar mana da amsa, shi ma ba murya. Sai muka fashe da dariya gaba ɗaya, har da masu buga cinya.

Ba wanda ya tuna cewa yau babu ƙarar da muke fakewa a bayanta. Jami'ar tana tsaye da kwanonta tana jiran a zuba mata. Abin da ta gani shi ne taron magidanta zaune cikin shiru, ba wanda ya ce uffan, sai ga dariya ta tashi. Na ga lokacin da ta daina kallonmu ta koma kallon inda dukkanmu muke kallo. Ta ajiye kwanon, ta zagaya bayansa.

Ta ce, “Baba, sannunku da hutawa.”

Ya ci gaba da tauna goronsa. Ta ƙara da ƙarfi. Dukkanmu mun ji, har maigadi ya leƙo. Na yi ta ɗaga masa gira ina nuna bayansa da ido, shi kuwa ya ɗauka wasan ne nake ci gaba da shi, ya nuna ni da yatsa yana dariya.

Na bi ta har ƙofar ofis raina a ɓace. Na ce mata mutumin nan ya fi ta sanin injin nan tun ba a haife ta ba, me ya tsare mata? Ta bari na gama, sannan ta ce, “Malam, in bel ɗin inji ya tsinke aka danna ƙaho, kai za ka ji masa?” Tambayar da ke hana ni sukuni ke nan. Jin ta daga bakinta ya ƙara min haushi, na yi tsaki na juya.

Ba Baba kaɗai ta tura asibiti ba, duk 'yan ɗakin saƙa ta tura. Aka sa mana wani abu a kunne, aka ce in ka ji ƙara ka ɗaga hannu. A can babu leɓen da za ka karanta. Da yawanmu aka ce kunnen ya fara taɓuwa, har da ni. Baba kuwa aka ce kada ya sake shiga ɗakin. Ta nema masa gadi, aka ce maigadi sai mai jin hon ɗin mota. Ta nema masa sito, aka ce babu gurbi. Ƙarshe aka ba shi haƙƙinsa aka sallame shi.

A makon da zai tafi sai ga kwalaye sun iso. Wasu abubuwa ne kamar ƙananan ƙore guda biyu haɗe da baka, ana kifa su a kunne su tare ƙara. Ita ce ta matsa wa manaja har aka sayo. Na karanta sunan a jikin kwali, na sayi goro, ranar da ya zo sallama na kai masa guda gindin darbejiya. Na zauna a gabansa zan fara motsa leɓe, sai ya girgiza kai.

Ya ce, “A'a. Yau yadda muka saba.”

Ya rufe ido ya miƙo kunnen dama. Na sunkuya na raɗa. Bai motsa ba. Na faɗa da murya. Na faɗa da ƙarfi, na sake, har na yi ihu a kunnen dattijon nan, mai garau-garau ta tsaya da ludayi a hannu. Bakinsa yana ɗan motsi kamar yana neman abin da zai tauna. Ya daɗe a haka kafin ya buɗe ido.

Ya ce, “Ba ta iso ba.”

Wani ya matso zai kwatanta masa aikin abin. Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce, “Na san aikinsa, wa ya kai ni sani? Waɗanda na yi ta ba ku bana ba sunaye ba ne, kwatance ne. Kalma sai an ji ta ake taunawa.” Ya juya abin a hannu, ya rataya mini a wuya ya ce, “Sa abinka, ɗana. Wannan ku bar shi haka nan.” Sannan ya fasa goron ya raba wa kowa, kamar an yi suna.

Har na bar kamfanin ba wanda ya sa masa suna. Abin nan muke ce masa. Ina abin nan naka, sa abin nan. An ce mini har yanzu haka ake kiransa, sababbin ma'aikata ba su ma san dalili ba. Ban kai wata damina a wurin ba. Na je Abujan, na dawo, na yi Bompai karo na biyu, na yi tuƙin ɗan sahu, ƙafar nan dai ba ta daina ƙaiƙayi ba. Farautar kalma ma ban daina ba. Waya kaɗai kullum sai ta haifo sababbi, in na ci karo da mai daɗi sai in ji leɓena yana motsi shi kaɗai, mutane suna kallona.

Nakan je gai da shi in na shigo Sharaɗa. Yana zama a ƙofar gida yana sayar da goro a faifai. Mukan yi hira a leɓe, maƙwabta suna mamakin abin da muke wa dariya. In na tashi tafiya yakan riƙe hannuna ya ce, “Akwai sabuwa?”

Nakan ce masa babu, Baba, Turawan sun gaji. Alhali bakina cike yake da su.